Giɓi a Gindin Ƙwarya

Kakata Yalwa a Harbo take,
gidanmu a bayan kududdufi yake,
abin da ta iya shi ne zanen ƙwarya.

Wuƙa a garwashi har sai ta yi ja,
ta kamo da tsumma, ta ɗora, ta ja,
hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika zaure,
baƙin zobe ya bi gindin ƙwarya.
Sai dai ba ta haɗe bakinsa.
Kullum akwai giɓi,
faɗin ƙwayar dawa ɗaya.

Na ce, Kaka, ko hannu ne ya gaji?
Ta ce, Nomau, matso kusa ka ji,
bakin ba haƙori, amma bai saba da ƙarya ba.
Mutanen ɓoye na shan nono da dare,
in sun shiga ka rufe, ta ina za su fita?
Wanda ka kulle a cikin abincinka
da shi za ka kwana a zuciya.

Ta san gidajensu kamar mai unguwa.
Doguwa na kan tsamiyar hanyar kasuwa,
mai gashi har ƙugu na gurbin da ya ci ɗan Cindo,
wani gajere mai tari na tsohuwar rijiya.
In rana ta faɗi ba ta kiran sunansu,
sai ta ce maƙwabta,
tana rage murya.

Ruwan zafi, sai ka yi sallama ka zubar,
suna da 'ya'ya masu rarrafe kamar kowa.
Fito, bari sai gari ya waye.
In an kira ka sau ɗaya a duhu, yi shiru,
mutum yakan sake kira.
Ita ma barci take so, tsintsiya.

Wata shekara dillali ya zo daga Kano,
da hula zanna da jaka a hammata,
ya juya ƙoren, ya ce aiki ya yi kyau,
amma masu saye ba sa son abin da bai ƙarasa ba.
A rufe zoben, zai ninka kuɗi.
Shekarar gero bai yi ba.
Ta daɗe tana kallon rumbu,
sannan ta mai da wuƙa wuta,
ta rufe guda ɗaya.

Cikin dare muka ji ƙas! daga kan danki.
Da asuba ga ta a tsage,
daidai inda giɓin yake zama.
Baba ya ce zafin wuƙa ne ya yi yawa,
Liman ya ce camfi, a nemi tsari,
ita ba ta ce uffan ba,
ta aika a kira gyartai da safiya.

Yau tsamiyar ta tafi, kwalta ta bi ta kanta,
an rufe rijiyar da siminti, famfo muke bugawa.
Kaka ta rasu da damina, ana cikin noman farko.
Ban san inda maƙwabtan suka koma ba,
ban ma ce sun taɓa zama ba,
ni da nake koyar da lissafi a firamare,
mai cewa yara kowace amsa sai da hujja.
Ko ruwan wankan da nake zubarwa,
leɓena ne kawai ke motsi, don sabo,
ba don tsoro ba, in ana son gaskiya.

Shekaranjiya na ɗau alli a aji huɗu
na zana da'ira a allo.
Ladidi ta ɗaga hannu daga baya,
ta ce, Malam, ba ta haɗe ba.
Na duba. Ga shi nan,
faɗin ƙwayar dawa ɗaya.

Na ɗaga allin zan cike,
sai aka buga ƙarfen tara.
Yara suka watse da ihu,
na tsaya ni da allo da ƙurar alli,
wata iska ta shigo ta taga ta kaɗa kalanda.
Na sa allin a aljihu,
na bar musu hanya.